BAMBANCIN IRE-IREN BAIROS NA CUTUTTUKAN DABBOBI DA ABIN DA YA SHAFI ALLURAR RIGAKAFI

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1916 da aka keɓe unguwar Sabo domin Hausawa mazauna Ibadan, fataucin shanu da na goro su ne ginshiƙin arzikin unguwar. Har yau akwai masu gida da dillalai da mahauta da masu turke da dama waɗanda abincinsu ya dogara ga dabbobin da ake saukewa daga Arewa. Dabbobin nan suna fitowa ne daga kasuwanni irin su Maigatari da Potiskum da Mai'aduwa da Illela, wasu ma daga Nijar da Chadi. Bayan doguwar tafiya a mota sai su haɗu a kara ta Akinyele da sauran wuraren cinikin dabbobi na birnin, kowace tana tafe da ƙwayoyin cutar da ta ɗauko daga inda ta fito.

Ya kai malamin gona, ko kai mai kiwo, babu shakka ka sha jin wannan koke: "An yi wa dabbobina allura amma duk da haka cuta ta kama su, lalle wani sabon iri ne ya shigo." Wani lokaci maganar gaskiya ce, wani lokaci kuma laifin yana wani wuri dabam. Sanin bambancin yana da muhimmanci, domin wanda ya ɗora laifi a kan sabon iri alhali zafin rana ne ya lalata maganinsa, zai daina rigakafi, ya kuma tafka asarar da ta fi ta farko.

Wannan jagora za ta bayyana maka yadda masu bincike suke gane bambancin ire-iren bairos ta hanyoyi biyu, wato renonsu a kwalba da karanta kundin gadonsu. Za mu ɗauki cututtuka uku da suka fi damun mai kiwo a matsayin misali: annobar awaki da tumaki, da ciwon baki da kofato na shanu, da kuma cutar Niyukasil ta kaji.

Mece ce bairos, kuma ta yaya iri ke bambanta?

Bairos ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna ta. Abu biyu ne suka haɗu suka yi ta: kundin gado a ciki, da riga a waje. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta kuma iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halitta mai rai ta jikin dabba, ta tilasta mata buga kwafinta dubbai. Wannan ne ya sa magunguna irin su teramaisin da fenisilin ba sa kashe ta. Amfaninsu shi ne maganin bakteriyar da ke biyo baya idan bairos ta raunana dabba.

Kundin gado kamar dogon rubutu ne da aka yi da haruffa iri huɗu kacal. Na bairos ɗin annobar awaki yana da haruffa 15,948. Na Niyukasil yana da kimanin 15,200, na ciwon baki da kofato kuma kimanin 8,400. Duk lokacin da aka buga sabon kwafi akan sami kuskure nan da can, kamar yadda mai kwafin littafi da hannu yakan sauya harafi idan babu mai duba masa. Galibin kurakuran suna kashe kwafin ko su wuce ba su sauya komai ba. Kaɗan daga ciki kuwa sukan zauna, 'ya'ya su gada. Da haka ake samun iri daban-daban a cikin cuta ɗaya, kamar yadda kaura da farafara duk dawa ce amma kowace da halinta.

Idan aka ce iri biyu sun bambanta, ka tambayi ta wace fuska, domin fuskokin uku ne:

1. Zuriya. Wannan asali ne, wato wane iri ya fito daga wane. Kundin gado ne ke nuna shi, kuma da shi ake bin sawun cuta daga wata ƙasa zuwa wata.
2. Zafi. Wani iri yakan kashe yawancin dabbobin da ya kama, wani kuma mura kawai zai sa ya wuce.
3. Riga. Garkuwar jiki da riga take gane maƙiyi. Idan iri biyu suna da riga ɗaya, rigakafin ɗaya zai kare daga ɗayan. Idan rigar ta bambanta, ba zai kare ba.

Waɗannan fuskoki uku ba lalle ne su tafi tare ba. Ana samun zuriya daban masu riga ɗaya, ana kuma samun 'yan zuriya ɗaya da zafinsu ya sha bamban. Ga mai sayen maganin rigakafi, riga ce abin dubawa.

Yadda ake renon bairos a kwalba

Tun da bairos ba ta tsiro sai a cikin abu mai rai, masu bincike sukan shirya mata gadon reno kamar yadda kake shirya wa tumatir. Ana ɗebo ƙwayoyin halitta daga ƙodar ɗan rago ko ɗan maraƙi, a shimfiɗa su a ƙasan kwalba, a zuba musu ruwan da ke ɗauke da gishiri da sukari da ruwan jini, a ajiye a ɗumin digiri 37. Cikin 'yan kwanaki sai su rufe ƙasan kwalbar kamar daɓe. Akwai kuma ƙwayoyin da ba sa ƙarewa, ana ta raba su daga kwalba zuwa kwalba shekara da shekaru. Fitattu a cikinsu su ne ƙwayoyin Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar wani birin Afirka a ƙasar Japan a 1962, da ƙwayoyin BHK-21 na ƙodar wani ɗan ɓera da ake kira hamsta.

Idan aka ɗiga samfurin dabba marar lafiya a kan wannan daɓe, sai a riƙa dubawa kullum da madubin likita. In akwai bairos mai rai, ƙwayoyin sukan dunƙule, ko su narke cikin juna su zama ƙaton dunƙule guda, daga bisani su ɓanɓare su bar gurbi. Saurin wannan ɓarna da kamanninta da irin ƙwayoyin da bairos ta yarda ta shiga, duk suna cikin abin da ake bambanta iri da shi.

Idan aka ɗebi ruwan kwalbar da ta lalace aka zuba a sabuwa, an yi dashe ɗaya ke nan. A kowane dashe, kwafin da ya fi jin daɗin zaman kwalba shi ne ke rinjaye. Bayan dashe da yawa sai a wayi gari bairos ta saba da kwalba, ƙarfinta a jikin dabba ya ragu, amma rigarta tana nan. Ta wannan hanya Walter Plowright ya samar da rigakafin bushiya a ƙasar Kenya, bayan ya dasa bairos ɗin kimanin sau 90 a ƙwayoyin ƙodar maraƙi. Da wannan rigakafi aka yaƙi bushiya har aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya a 2011.

Misali na ɗaya: annobar awaki da tumaki

Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta PPR, a kudancin Nijeriya kuma ana ce mata kata. 'Yar'uwar bushiya ce, an kuma fara bayyana ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942. Takan bayyana kwana 4 zuwa 6 bayan dabba ta ɗauka. Alamominta su ne zazzaɓi mai kaiwa digiri 40 zuwa 41, da majina da kwantsa masu toshe hanci da ido, da gyambo a baki, da zawo mai wari, da tari da numfashi da ƙyar. A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe har tara daga cikin goma. Ta fi tsanani ga awaki, musamman gajerun awakin Kudu da ake kiwo a gidajen Ibadan da ƙauyukan kewaye. Ba ta kama ɗan Adam.

*Halinta a kwalba.* Bairos ɗin da aka ɗebo daga akuya marar lafiya yana shiga ƙwayoyin jiki ta wata ƙofa da ake kira SLAM, wadda ke jikin fararen ƙwayoyin jini. Ƙwayoyin Vero ba su da wannan ƙofa. Saboda haka idan aka zuba irin daji a kansu yakan yi nawa, har sai an yi dashe biyu ko uku, an shafe mako biyu zuwa uku, kafin a ga ɓarna. Irin rigakafi kuwa, da yake ya saba da Vero, cikin 'yan kwanaki yake nuna kansa. A 2011 masu bincike suka fito da ƙwayoyin biri da aka dasa musu ƙofar SLAM ta akuya, kuma a kansu irin daji yakan bayyana cikin ƙasa da mako guda.

*Asalin rigakafin.* A 1975 aka ɗauki samfuri daga wata akuya da cutar ta kashe a Nijeriya, masu bincike biyu, Taylor da Abegunde, suka ware bairos ɗin. Shi ne ake kira Nijeriya 75/1. Daga baya Adama Diallo da abokan aikinsa suka yi ta dasa shi a ƙwayoyin Vero har ya yi laushi, suka ba da rahoton aikin a 1989. Kafin wannan lokaci da rigakafin bushiya ake yi wa awaki allura. A yau Nijeriya 75/1 shi ne rigakafin da aka fi amfani da shi a Afirka, kuma shi ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take sarrafawa.

A 2019 wasu masu bincike a Faransa suka karanta kundin gadon irin dajin na asali, suka gwada shi da na rigakafin da ya fito bayan dashe 75. Sai suka tarar wurare 18 ne kacal suka bambanta a cikin haruffa 15,948. Ka ga ke nan ɗan ƙaramin sauyi ya isa ya mai da mai kashe akuya ya zama mai kare ta.

*Zuriya huɗu.* Karatun kundin gado ya raba bairos ɗin PPR zuwa zuriya huɗu. Ta I da ta II 'yan Afirka ta Yamma ne. Ta III tana Afirka ta Gabas da wani yanki na ƙasashen Larabawa. Ta IV an fi saninta da Asiya da Gabas ta Tsakiya, amma ta bazu a Afirka, ta ɓulla a Maroko a 2008, an kuma same ta tare da ta II a samfuran da aka tattara a Nijeriya tsakanin 2010 da 2013. Rigakafin Nijeriya 75/1 ɗan zuriya ta II ne.

Zafin ire-iren ma ya bambanta. A wani gwaji da aka buga a 2007, an sa wa gajerun awaki iri daban-daban. Waɗanda suka fito daga Gini da Gini Bisau da Kwaddebuwa suka kama su da tsanani ƙwarai, irin dajin Nijeriya 75/1 kuwa ciwo mai sauƙi ya sa, awakin suka warke.

*Abin da ya shafe ka.* Duk da wannan bambanci na zuriya da na zafi, rigar PPR ɗaya ce. An gwada wannan a cibiyar Pirbright ta Ingila, aka buga sakamakon a 2018: awakin da aka yi wa allurar Nijeriya 75/1 sun tsira daga dukkan zuriya huɗu. Allura ɗaya tana ba da kariya ta aƙalla shekara uku. Saboda haka idan akuya ko ragon da aka yi wa allura ya kamu da PPR, kada ka fara zargin sabon iri. Ka binciki waɗannan:

1. Ko maganin ya sha zafi a hanya. Bairos ne mai rai, kuma zafi yana kashe shi.
2. Ko an wuce awa biyu da jiƙa shi kafin a yi allurar.
3. Ko dabbar ta riga ta ɗauki cutar a kasuwa ko a mota kafin a yi mata.
4. Ko ɗan akuyar bai kai wata uku zuwa huɗu ba, garkuwar da ya sha a nonon uwa ta kashe maganin.
5. Ko kuma wata cuta ce mai kama da ita, kamar ciwon huhu ko ƙurajen baki. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Misali na biyu: ciwon baki da kofato

Wannan ita ce cutar da makiyaya suke kira boru. Tana kama shanu da tumaki da awaki da aladu. Za ka ga sa yana dalala, da ƙuraje masu ruwa a harshe da dasashi da tsakanin kofato, yana ɗingishi, ya ƙi cin abinci. Ba ta cika kashe manyan shanu ba, sai dai 'yan maruƙa, amma takan ramar da sa ta karya farashinsa, ta kuma ƙafar da nonon saniya. A jikin tumaki da awaki alamominta ba su cika fitowa sosai ba, don haka sukan kai ta wani garke ba a sani ba.

A nan labarin ya sha bamban da na PPR, domin riguna bakwai ne: O da A da C da Asiya 1 da SAT 1 da SAT 2 da SAT 3. Rabon da a ga C a duniya tun 2004. A Nijeriya an tabbatar da huɗu, wato O da A da SAT 1 da SAT 2. SAT 1 ta sake ɓulla a Jihar Filato a 2015 bayan an shafe fiye da shekara talatin ba a ji ɗuriyarta ba. Saniyar da ta warke daga O tana iya kamuwa da A bayan 'yan watanni, domin garkuwarta ba ta san wannan riga ba. Ko a cikin riga ɗaya ma akwai ƙananan bambance-bambance daga wani yanki zuwa wani, waɗanda kan rage ƙarfin rigakafi.

A kwalba, bairos ɗin nan mai sauri ne, yakan lalata ƙwayoyi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ana renonsa da yawa a ƙwayoyin BHK-21 domin yin rigakafi. An lura cewa idan irin O ya daɗe ana dasa shi, yakan sami ɗan sauyi a rigarsa wanda zai ba shi damar kama wata sabuwar ƙofa a jikin ƙwayoyin kwalba, ƙarfinsa a jikin saniya kuma ya ragu. Sai dai laushin nan ba abin dogaro ba ne, domin yana iya komawa mai zafi. Saboda haka rigakafin boru da bairos da aka kashe ake yin sa, kariyarsa kuma ba ta wuce wata huɗu zuwa shida.

Kafin a zaɓi irin da za a sa a cikin maganin, ana haɗa bairos ɗin da aka ɗebo daga garke da ruwan jinin shanun da aka yi wa allura, a zuba a kan ƙwayoyin kwalba. Idan ƙwayoyin suka tsira, maganin ya dace da irin da ke yawo. Idan suka lalace, bai dace ba. Cibiyar Pirbright ce matattarar wannan gwaji ta duniya, kuma Vom takan aika mata da samfura.

Saboda haka a kan boru, koken sabon iri yana iya zama gaskiya. Kafin ka sayi magani ka karanta jikin kwalbar ka ga rigunan da ke ciki. Wanda ke ɗauke da O da A kaɗai ba zai kare shanunka daga SAT 2 ba.

Misali na uku: cutar Niyukasil ta kaji

Wannan cuta, wadda wasu ke kira fakat, an fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da garin Niyukasil na Ingila. A Nijeriya kuwa a nan Ibadan da kewayenta aka fara tabbatar da ita, a watan Disamba na 1952. Ta fi yin ɓarna a lokacin hunturu. Alamominta su ne koren zawo da numfashi da ƙyar da murɗewar wuya da shanyewar ƙafa ko fiffike, sannan mutuwa da yawa cikin 'yan kwanaki.

Rigarta ɗaya ce, amma zafin ire-irenta ya kasu kashi uku, kuma da ƙwai ake auna shi. Ana sa bairos a cikin ƙwai mai ɗan tsako na kwana 9 zuwa 11, a ƙirga awannin da zai ɗauka kafin ya kashe ɗan tsakon. Mai zafi yakan kashe cikin ƙasa da awa 60, matsakaici tsakanin awa 60 da 90, mai laushi kuma sai ya wuce awa 90.

Kundin gado ya nuna dalilin wannan bambanci. A jikin rigar bairos akwai wani mabuɗi da ba ya aiki sai an yanka shi gida biyu. A iri mai laushi, sinadarin da ke iya wannan yanka yana cikin hanyar numfashi da hanji ne kaɗai, don haka bairos ba ya wuce nan. A iri mai zafi kuwa, 'yan haruffan da ke daidai wurin yankan sun bambanta, ta yadda kusan kowace ƙwayar jiki za ta iya yanka shi, sai ya bazu har ƙwaƙwalwa. Haka abin yake a kwalba: mai zafi yana yaɗuwa da kansa a ƙwayoyin ɗan tsako, mai laushi kuwa sai an ƙara masa sinadarin tirifsin.

Wannan ne ya sa magungunan rigakafin Niyukasil suka bambanta wajen amfani:

1. Hitchner B1: mai laushi ƙwarai, ana ɗiga wa 'yan tsaki a ido.
2. Lasota: mai laushi, an samo shi a Amurka a 1946, ana ba da shi a ruwan sha marar sinadarin kulorin.
3. Komarov: matsakaici, allura ce ta kajin da suka wuce mako shida, waɗanda suka riga suka sami mai laushi. Kada a yi wa 'yan tsaki.
4. I-2: an samo shi a Ostireliya, ya fi sauran jure zafi, ya dace da kajin gida. Ana ɗiga shi a ido, a maimaita duk bayan wata huɗu.

Ire-ire masu zafi da ke yawo a Nijeriya 'yan zuriya ta XIV da ta XVII da ta XVIII ne, Lasota kuwa ɗan zuriya ta II ne. Tun da riga ɗaya ce, rigakafin da aka yi daidai yana hana mutuwa. Amma kazar da aka yi wa tana iya ɗaukar irin daji ta zubar da shi a kashinta ba tare da ta nuna ciwo ba. Don haka sabuwar kaza ko zabuwa da ka sayo, ko da lafiyarta ƙalau, kada ka sake ta cikin na gida nan take.

Matakan da ya kamata a ɗauka

1. Mai sayo ragunan layya ko awaki ya nemi a yi musu allurar PPR tun a inda suke, mako uku kafin a loda su. Ba a fafe gora ranar tafiya.
2. A keɓe duk sabuwar dabba har kwana 21, da kwanon abinci da na ruwa nata daban. Kaji kuma a keɓe su aƙalla mako biyu.
3. Kada a haɗa tumaki da awakin da aka sauke daga Arewa da gajerun awakin gida. Rago yana iya ɗauke da cutar da sauƙi, ita kuwa gajeruwar akuya ta mutu.
4. Dabbar da aka kai kasuwa ba a sayar ba, idan ta dawo gida a ɗauke ta a matsayin sabuwa.
5. A sayi magani daga hannun likitan dabbobi ko wakilin da aka sani, a duba ranar ƙarewar aikinsa, a ɗauko shi cikin ƙanƙara.
6. A ajiye magani a sanyin digiri 2 zuwa 8. Na boru kada a bari ya daskare, domin daskarewa tana lalata shi.
7. Kada a yi wa dabba marar lafiya allurar rigakafi. Rigakafi ba magani ba ne.
8. A rubuta sunan maganin da lambar kwalbar da ranar da aka yi allura. Idan matsala ta taso, da wannan rubutu za a bi sawu.
9. A binne mushe da zurfi ko a ƙone shi. A wanke motar da ta ɗauko dabbobi kafin a sake lodi.

Aika samfuri zuwa ɗakin bincike

Duk abin da aka sani game da ire-iren da ke yawo a ƙasar nan daga samfuran da aka aiko daga garke da kasuwa aka san shi. Idan ka ga alamun ɗaya daga cikin cututtukan nan, ka sanar da asibitin dabbobi na jiha da ke Mokola, kusa da Sabo, ko asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ibadan. Ga malamin gona da zai taimaka wa likita, a kiyaye waɗannan:

1. A ɗauki samfuri a kwanakin farko na ciwo, lokacin da zazzaɓi yake sama, domin a lokacin bairos ya fi yawa.
2. Ga PPR, a shafo majina da kwantsa da auduga mai tsabta. Idan dabbar ta mutu a ɗauki yankin huhu da saifa da kaluluwa.
3. Ga boru, a ɗauki fatar ƙurjin da bai fashe ba ko wanda bai daɗe da fashewa ba.
4. Ga Niyukasil, a kai kazar da ba ta daɗe da mutuwa ba, cikin leda biyu.
5. A sa komai cikin ƙanƙara, a haɗa da takarda mai nuna kasuwar da aka sayo dabbar da ranar da ta iso da allurar da aka taɓa yi mata.

Samfurin da ya sha zafi bairos ɗinsa ya mutu, ba zai tsiro a kwalba ba. Gwajin PCR, wanda ke neman haruffan kundin gado, yana iya gano shi cikin kwana ɗaya ko biyu ko da ya mutu, amma gwajin dacewar rigakafi sai da mai rai.

Kammalawa

A taƙaice, PPR tana da zuriya huɗu da riga ɗaya, don haka rigakafi ɗaya ya isa matuƙar an kula da sanyinsa. Boru yana da riguna bakwai, huɗu daga ciki an tabbatar da su a Nijeriya, don haka dole maganin ya dace da rigar da ke yawo, a kuma maimaita shi. Niyukasil tana da riga ɗaya da zafi iri uku, don haka kowane magani da shekarun kazar da ya dace da ita.

A taron da aka yi a Abijan a 2015, ƙasashen duniya sun ɗauki alƙawarin kawar da PPR zuwa shekarar 2030, kamar yadda aka yi wa bushiya. Riga ɗayar da cutar take da ita, da rigakafin da asalinsa daga akuyar Nijeriya ne, su ne suka sa ake ganin abin zai yiwu. Wuraren da dabbobin ƙasashe da yawa ke haɗuwa, irin su kasuwannin Ibadan, suna cikin inda aikin ya fi muhimmanci. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa.